Awa Ɗaya a Ɗakin Kuɓuta: Wasan da Ke Gwada Basira da Zumunci

A gunduma ta bakwai ta birnin Budapest, babban birnin ƙasar Hangari, akwai tsofaffin benaye da suka haura shekara ɗari a tsaye. A ƙarƙashin da yawa daga cikinsu akwai ɗakunan da a da ake tara gawayi da itace da tarkacen gida. Yau wasu daga cikin ɗakunan nan sun zama wurin sana'a. Mutane kan zo rukuni-rukuni, abokai ko 'yan gida ɗaya ko ma'aikatan ofis guda, su biya kuɗi, su zuba wayoyinsu a akwati, a shigar da su ɗaki a ja ƙofa. Daga nan agogo ya fara cin minti 60. Aikinsu shi ne su tono alamun da aka ɓoye, su warware ƙulle-ƙullen da aka shirya musu, su yi ta buɗe kwaɗo bayan kwaɗo har su kai ga ƙofar fita kafin lokaci ya cika.

Wannan shi ne wasan ɗakin kuɓuta. Kowane ɗaki da labarinsa. Wani an shirya shi a matsayin kurkuku, wani kabarin Fir'auna, wani jirgin ruwa da ke shirin nutsewa, wani kuma ɗakin binciken masanin da ya ɓace. Cikin 'yan shekaru wasan ya bazu daga Asiya zuwa Turai da Amurka, ya iso Dubai da Alkahira da Nairobi da Legas. Abin da ya sa ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau shi ne abin da yake yi wa mutanen da suka shiga tare. A zamanin da abokai kan zauna a majalisa ɗaya kowa ya sunkuya a kan wayarsa, ga wani wasa da ke tilasta wa mutane su dubi juna, su yi magana, kuma su saurari wanda ba su saba saurara ba.

Daga Kyoto zuwa Budapest

Tushen wasan yana cikin kwamfuta. A shekarar 2004 wani ɗan Japan mai suna Toshimitsu Takagi ya saki wani ɗan ƙaramin wasa a intanet mai suna Crimson Room. Mai wasa kan tsinci kansa a wani jan ɗaki da ke kulle, ya yi ta latsa kayan ɗakin yana neman makulli da batir da sauran abin da zai fitar da shi. Wasan ya karɓu ƙwarai, aka yi ta kwaikwayonsa a ƙasashe da dama.

Wanda ya fito da shi daga allon kwamfuta zuwa ɗaki na gaske shi ne Takao Kato, mai wallafa wata mujalla da ake rabawa kyauta a birnin Kyoto. A 2007 ya shirya wasan farko da ya kira Real Escape Game, inda mutane suka shiga ɗaki da ƙafafunsu suka taɓa kaya da hannuwansu. Kato ya sha bayyana cewa tun yana yaro yake mamakin abin da ya sa abubuwan ban sha'awa da ke faruwa cikin littattafan labari ba sa faruwa a rayuwarsa, don haka ya yanke shawarar ya ƙirƙiro su da kansa ya gayyaci mutane ciki. Kamfaninsa, SCRAP, ya bunƙasa har ya riƙa shirya wasan a manyan filayen wasanni, ɗaruruwan mutane suna fama da ƙulli ɗaya a lokaci guda. A 2012 kamfanin ya kai wasan birnin San Francisco na Amurka.

A Turai kuwa, Budapest ce ta buɗe fage. A 2011 wani ma'aikacin jin daɗin jama'a mai suna Attila Gyurkovics ya buɗe ParaPark a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ya ce a lokacin bai san da abin da ake yi a Japan ba. Abin da ya ja hankalinsa shi ne aikin Mihaly Csikszentmihalyi, masanin halayyar ɗan Adam ɗan asalin Hangari da ya yi aiki a Amurka, wanda littafinsa na 1990 ya yi bayani a kan yanayin da mutum kan nutse cikin aiki har ya manta da lokaci da yunwa da damuwa. Masanin ya nuna cewa hakan na faruwa ne idan manufa ta fito fili, sakamakon kowane yunƙuri na bayyana nan take, kuma wahalar aikin ta yi daidai da iyawar mai yinsa. Idan aikin ya fi ƙarfinsa sai ya karaya, idan ya yi masa sauƙi sai ya gundure shi. A kan wannan ma'auni Gyurkovics ya gina ɗakinsa.

Abin ya sami ƙasa mai albarka. Hayar ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na da araha, kasuwannin gwanjo cike suke da tsofaffin kayan zamanin gurguzu, ga matasan baƙi masu yawon buɗe ido suna ta kwarara cikin birnin. Budapest kuma ba baƙuwar wasa ƙwaƙwalwa ba ce. A nan aka haifi Harry Houdini a 1874, mutumin da ya shahara a duniya wajen kwance kansa daga sarƙa da ankwa, a nan kuma Ernő Rubik ya ƙirƙiro ɗan akwatin nan mai launi shida da ake murɗawa, a 1974. Cikin ɗan lokaci ɗakuna gommai suka buɗe a birnin, 'yan Hangari kuma suka kai sana'ar wasu ƙasashe, ciki har da Landan inda aka buɗe HintHunt a 2012. A 2017 Budapest ta karɓi gasar duniya ta ɗakin kuɓuta da kamfanin Red Bull ya shirya, tawagar ƙasar Slobeniya ta lashe.

Talabijin ma ya share wa wasan hanya tun kafin a san da shi. Masu kallon tashoshin Faransanci a Nijar da Kamaru da Chadi za su tuna da shirin Fort Boyard, wanda aka fara a 1990 a wata tsohuwar ganuwa da ke cikin teku a gaɓar Faransa, inda tawaga ke shiga ɗaki-ɗaki tana neman makullai. A shekarar ce kuma Birtaniya ta fara nata shirin mai kama da shi, The Crystal Maze. Ɗakin kuɓuta ya ɗauko ɗan kallo daga kan kujera ya tsayar da shi a tsakiyar fage.

Da muka shiga

Hangari na da ɗalibai 'yan Najeriya masu yawa a Budapest da Debrecen da Szeged da Pécs, wasu da kuɗin iyayensu, wasu ta tallafin karatu na Stipendium Hungaricum da gwamnatin ƙasar ta kafa a 2013. Da irin waɗannan 'yan'uwa na shiga ɗakin kuɓuta wata ranar Asabar cikin sanyi, bayan mun sallaci La'asar. Mu biyar ne. Akwai babbanmu, wanda ke digiri na uku a fannin injiniya, muna ce masa Malam. Akwai uwargidansa, malamar makaranta. Akwai wani abokinmu ɗalibin likitanci, da ƙanwarsa da ta zo karatu ba da jimawa ba, mai kunya da ƙarancin magana. Sai ni.

Wata matashiya ce ta tarbe mu, ita ce mai kula da wasan. Ta karanta mana ƙa'idoji: kada a sa ƙarfi a kan komai, abin da bai buɗu da yatsa biyu ba to lokacinsa bai yi ba, kada a taɓa soket ko wayar wuta, kowane makulli sau ɗaya yake aiki. Ta nuna mana wani koren maɓalli a gefen ƙofa, ta ce duk wanda ya ji ba daɗi ya danna, ƙofa za ta buɗe nan take. Ta miƙa mana oba-oba don neman ƙarin haske idan mun cije. Sannan ta ba mu labarin: shekarun 1970 ne, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, muna ofishin wani ɗan leƙen asiri da ya tsere ya bar wasu takardu, kuma jami'an tsaro na hanya, za su iso nan da awa ɗaya.

Ɗakin bai fi shagon tela girma ba. Tebur na katako, tafireta, tsohuwar wayar tarho mai faifan juyawa, taswirar duniya a bango, kabad cike da littattafai, akwatin ƙarfe mai lamba huɗu, da agogon bango huɗu, kowanne da sunan gari a ƙarƙashinsa, dukkansu a tsaye. Mintunan farko hayaniya ce zalla. Kowa ya kama gefensa yana ɗaga kafet, yana girgiza littafi, yana leƙa ƙarƙashin kujera. Uwargidan Malam ce ta kawo tsari. Ta share gefen tebur ta ce duk abin da aka samu a faɗe shi da ƙarfi a kawo shi nan, wanda aka gama da shi kuma a kai shi lungu. Daga nan aiki ya fara tafiya. An sami ɗan makulli a cikin tafireta, ya buɗe aljihun tebur, a ciki akwai tocila mai shuɗin haske. Da aka haska taswira sai rubutun ɓoye ya fito: garuruwa huɗu an kewaye su, an sa musu lamba daga ɗaya zuwa huɗu.

A nan muka cije. Malam ya ɗauki fensir ya shiga lissafin bambancin lokaci tsakanin garuruwan, likita na taya shi, suna tarawa suna ɗebewa, suna gwada lamba a akwatin ƙarfe yana ƙin buɗuwa. Ƙanwar likita na tsaye a baya tana kallon bango. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, hayaniya ta danne. Uwargidan Malam ce ta lura da bakinta na motsi.

"Malam, ku ɗan dakata. Ƙanwata, me kika ce?"

"Anti, cewa na yi garuruwan da ke taswira su ne a ƙarƙashin agogunan. Yaya, ko za ka gwada awar da kowane agogo ya tsaya a kai, bi da bi yadda aka jera su?"

Yayan ya murɗa lambobin huɗu. Akwatin ya buɗe. Malam ya ajiye fensir ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Daga yanzu ki matso gaba."

A cikin akwatin akwai katin da aka rubuta lambar waya. Matasan suka tsaya a kan tarhon suna danna ramukan faifan, babu abin da ya faru, domin ba su taɓa amfani da irinsa ba. Malam, wanda ya tashi a gidan da ke da irin wannan waya, ya sa yatsa ya juya faifan har ƙarshe ya sake shi ya koma, lamba bayan lamba. Da ya gama sai muka ji ƙas, kabad ɗin littattafai ya motsa daga bango. Ashe ƙofa ce, akwai ɗaki na biyu a bayanta.

Ɗakin na biyu duhu ne, sai wata fitila da ke ƙiftawa, wani lokaci gajere, wani lokaci dogo. Likita ya gane saƙon Morse ne, amma jadawalin fassara shi na manne a bangon ɗakin farko, ba ya ciruwa. Dole mutum ɗaya ya tsaya a gaban fitila yana kira, "gajere, gajere, dogo," wani a ɗaya ɗakin yana duba jadawali, na uku yana rubutawa. Sau ɗaya muka nemi haske ta oba-oba, mai kula da wasa ta ce mu jira fitilar ta ɗauke na ɗan lokaci, nan ne farkon saƙon. Ƙulli na ƙarshe kuwa maɓallai huɗu ne a kusurwa huɗu na ɗakin, sai an danna su a lokaci guda ƙofa ke sakuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wanda ya tsara ɗakin ya gina wannan magana a jikin bango. Muka fito saura 'yan mintuna, muna haki muna dariya. Awa guda ta wuce babu wanda ya tuna da wayarsa.

Aikin da ke bayan bango

Abin da ɗan wasa ke gani rabin aikin ne. A wani ɗan ɗaki na kusa mai kula da wasa na zaune gaban allo, yana kallon komai ta kyamara, yana jin duk abin da ake faɗi. Gwanintarsa ita ce sanin lokacin da zai sa baki. In ya yi gaggawa ya ƙwace wa mutane daɗin gano abu da kansu, in ya makara sai ransu ya ɓaci su fara zargin juna. Bayan kowane rukuni kuma sai ya shiga ya mayar da kowane makulli da kowace takarda inda take, domin kuskure ɗaya wajen jerawa na iya lalata wasan rukuni na gaba.

Ɗakunan farko kwaɗo da makulli da takarda kawai suka dogara da su. Na yanzu cike suke da na'urori. Akwai makullan maganaɗisu da ke riƙe ƙofa da ƙarfin lantarki, akwai ƙananan na'urori da ke gane an ajiye abu a gurbinsa, akwai sauti da haske da ke sauyawa yadda labari ke tafiya. Wasu wuraren ma kan sa ɗan wasan kwaikwayo a ciki, ya fito a mai gadi ko fursuna. Tsarin ƙulle-ƙullen ma iri-iri ne. Wani ɗakin layi ɗaya ne, sai an warware na farko ake samun na biyu. Wani kuma hanyoyi da yawa ne ke tafiya tare su haɗu a ƙarshe, wanda ya fi dacewa da rukuni mai yawa, don kada mutum biyu su yi ta aiki sauran na kallo.

Farfesa Scott Nicholson na Jami'ar Wilfrid Laurier da ke Kanada na cikin waɗanda suka fara nazarin wannan sana'a. A 2015 ya wallafa binciken da ya tattara bayanai daga wurare 175 a sassan duniya. Shawarar da ya fi nanatawa ga masu tsara ɗaki ita ce su tambayi dalilin kowane abu da suka sa. Me ya kawo wannan kwaɗo nan? Wa ya rubuta wannan saƙo, don wa, kuma me ya sa ya ɓoye shi? Ɗakin da ya amsa waɗannan tambayoyi shi ne mutum ke mantawa cewa wasa yake yi. Tarho mai faifai ya zauna daram a ofishin shekarun 1970, amma da a kabarin Fir'auna aka ajiye shi da labarin ya rushe.

Wa ke buɗe ƙofa?

Abin da ya faru tsakanin Malam da ƙanwar likita ba baƙon abu ba ne ga masana. A 2010 mujallar Science ta wallafa binciken Anita Woolley ta Jami'ar Carnegie Mellon da abokan aikinta, waɗanda suka gwada mutum 699 a ƙananan rukunai na mutum biyu zuwa biyar, suka ba su ayyuka iri-iri. Sun gano cewa ƙwazon rukuni bai rataya sosai a kan kaifin basirar wanda ya fi kowa ba. Rukunan da suka fi yin nasara su ne waɗanda magana ke zagayawa a tsakaninsu daidai wa daida, kuma mambobinsu ke iya karanta yanayin juna. Rukunin da mutum ɗaya ko biyu suka mamaye magana ya fi rauni. Sun kuma lura cewa rukunan da ke da mata da yawa sun fi taɓukawa, abin da suka danganta da iya fahimtar yanayin mutane.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Tarbiyyarmu ta koya mana kunya da girmama na gaba, kuma abin alfahari ne. Muna cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kuma tarho mai faifai ya gaskata hakan. Amma agogunan bango sun nuna ɗaya fuskar. Akwai abin da idon ƙarami ke gani saboda bai cika kansa da lissafi ba, kuma idan kunya ta rufe masa baki, ko babba bai waiwayo ba, kowa ne zai yi asara. Girmamawa ba ta hana saurare. Babban da ya ce wa ƙaramar cikinmu ta matso gaba bai rage komai daga girmansa ba, ƙaruwa ma ya yi a idonmu. Haka lamarin yake a taron dangi, da ofis, da kwamitin masallaci, da zaman ƙungiya. Bambancin kawai shi ne a ɗakin kuɓuta agogo na bango, sakamakon rashin saurare na fitowa cikin minti biyar.

Shi ya sa kamfanoni ke kai ma'aikatansu, makarantu kuma suka ɗauki dabarar. A 2015 aka kafa Breakout EDU a Amurka, mai samar wa malamai akwati da kwaɗuna, a mayar da darasin lissafi ko tarihi ya zama lambobin da ɗalibai za su gano tare. A Amurka wuraren wasan ba su kai 30 ba a 2014, amma kafin 2019 sun haura 2,000. A watan Disamba na 2016 shugaban ƙasar na lokacin, Barack Obama, ya shiga wani ɗaki da 'ya'yansa a Hawaii, manajan wurin ya shaida wa manema labarai cewa sun fito saura daƙiƙa 12. Annobar korona ta 2020 ta rufe wurare da dama, wasu suka koma yin wasan ta bidiyo, ma'aikaci na cikin ɗaki da kyamara 'yan wasa na ba shi umarni daga gidajensu. Da aka buɗe gari mutane suka koma ɗakunan da ƙafafunsu, domin haɗuwar ita ce abin da suke nema.

Darasin Koszalin

Akwai ranar da duk mai wannan sana'a ya sani. Ranar 4 ga Janairu, 2019, a garin Koszalin da ke arewacin Poland, 'yan mata biyar 'yan shekara 15 suka shiga wani ɗakin kuɓuta don murnar zagayowar ranar haihuwar ɗaya daga cikinsu. Wurin wani gida ne da aka mayar wurin wasa, ana ɗumama shi da tukunyar gas. Gas ya yi yoyo, wuta ta tashi a ɗakin da ke gaban nasu. Ƙofarsu a kulle take, tagar a toshe, babu wata hanyar fita ta gaggawa. Ma'aikacin wurin ya ƙone sosai, bai iya kaiwa gare su ba. Kafin 'yan kwana-kwana su fasa su shiga, hayaƙi mai guba ya kashe su duka biyar. Tare aka yi musu jana'iza.

Hukumomin Poland suka bi wuraren wasan ƙasar da bincike, suka rufe gommai cikin 'yan kwanaki. Ƙasashe da dama suka sake duba nasu. Tun daga lokacin ƙa'idar da masu sana'ar na kirki ke bi ita ce kada a kulle mutum kullewa ta gaske. Ko dai ƙofar shiga ta kasance a buɗe, ko a sa maɓallin da ke sakinta nan take, ko a rataye makullin gaggawa a inda kowa ke gani. Makullin maganaɗisu na da wata fa'ida a nan, domin da wutar lantarki yake riƙewa, da zarar wuta ta ɗauke sai ya saki. A ƙasar Sin, inda wasan ya yi kasuwa ƙwarai a tsakanin matasa, hukumomi sun fitar da ƙa'idoji a 2022 da suka wajabta bayyana shekarun da kowane wasa ya dace da su, suka kuma hana karɓar yara a ranakun makaranta.

Yaran Koszalin sun mutu ne saboda an fifita armashin wasa a kan rai. Duk wanda zai shiga irin wannan ɗaki, a kowace ƙasa, haƙƙinsa ne ya ga hanyar fita da idonsa kafin a ja ƙofa.

Abin da muke da shi a gida

Bahaushe ba baƙo ba ne a fagen wasa ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya tashi yana amsa kacici-kacici a dandali bayan sallar Isha, ko ya zauna gaban gurabun dara yana ƙirga tafiyar abokin karawa, ko ya iya zaurance don ɓoye zance daga wanda ba a so ya ji, ya riga ya san daɗin warware ƙulli. Malamanmu na ajami sun daɗe suna ɓoye shekarar da suka kammala waƙa a cikin ramzi, inda kowane harafi ke da lambarsa, alif ɗaya, ba biyu, jim uku, dal huɗu, sai mai ilimin hisabi ya tara ya fitar da shekarar. Wannan kaɗai ya isa a gina ƙullin da zai buɗe kwaɗo mai lamba huɗu.

Labarai ma ba mu rasa ba. Ana iya shirya ɗakin madugu da ke shirin tashi da ayari zuwa Gwanja sayen goro, 'yan wasa su gano zangon da za a bi daga taswira da wasiƙun ajami. Ana iya shirya ɗaki a kan ƙofofin ganuwar Kano, ko rijiyar Kusugu ta Daura, ko ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma. Wurare irin su Gidan Makama a Kano, mai tarihi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, na karɓar ɗalibai 'yan ziyara da ke wucewa ta gaban kayan tarihi suna kallo kawai. Da za a ware ɗaki ɗaya a gefe, da kwafin kayan ba na asali ba, a ce sai sun karanta sun haɗa kai za su fita, da abin da za su riƙe ya ninka. Malamin sakandare ma ba ya buƙatar gini. Akwatin ƙarfe ɗaya, kwaɗuna uku daga kasuwa da tambayoyin darasin mako sun isa a mayar da aji ya zama kamar aikin gayya, kowa da kuyyarsa amma gonar ɗaya ce.

Wanda zai mayar da shi sana'a a garuruwanmu sai ya yi la'akari da halin da muke ciki: zafi, ɗaukewar wuta, da hayaƙin janareta da ya sha hallaka mutane a ɗakunan da ba iska. Iska mai shiga da fita, fitilar gaggawa, tukunyar kashe gobara da ƙofar da ke buɗuwa daga ciki su ne farkon jari, kafin a sayi kwaɗo ko ɗaya. Ya kuma kyautu a riƙa bai wa kowane rukuni ɗakinsa shi kaɗai, yadda iyali ko ƙawaye mata za su shiga hankali kwance ba tare da an haɗa su da baƙin fuska ba.

Kafin ka shiga

Ga mai niyyar gwadawa, mutum huɗu ko biyar sun fi daɗin aiki a yawancin ɗakuna. A tambayi labarin ɗakin tun kafin a biya, domin akwai na ban tsoro da na tsafe-tsafe da ba kowa zai so ba, ba kuma kowanne ya dace da yara ba. Mai ciwon zuciya ko asma, ko wanda matsattsen wuri ke tayar masa da hankali, ya faɗa tun a bakin ƙofa. A zaɓi lokacin da ba zai ci sallah ba. In an shiga, duk abin da ka gani ka faɗe shi da ƙarfi, ko da kana ganin ba shi da amfani. Kada a ji nauyin neman haske idan an cije, don shi aka ajiye mai kula da wasa. Kada kuma a bari mutum ɗaya ya riƙe fensir daga farko har ƙarshe.

Wasan ɗakin kuɓuta ya cancanci kuɗinsa da lokacinsa, ko an fito kafin agogo ya cika ko ba a fito ba, matuƙar an kiyaye rai. Zumunci a ƙafa yake, kuma yana buƙatar abin da za a yi tare, ba zama kusa da juna kawai ba. Idan ka sami dama, tara abokanka ko iyalinka ku je, ku tafi da babba da ƙarami. Ku nemi a nuna muku hanyar fita ta gaggawa kafin komai, in babu ku juya. In kuma kun shiga, ku bai wa wanda ya fi kowa shiru a cikinku damar magana, kuma ku ci gaba da ba shi ita bayan kun koma gida.